Layin da ya haɗa Katsina da Daura: da me ya kamata ka sa masa ido?

Wata Litinin da safe, wajen ƙarfe tara, manajan reshen Daura na wani kamfani da nake kula wa da na'urori ya kira ni. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Injiniya, tun da muka buɗe ba abin da ke tafiya, ga mutane sun cika mana ƙofa." A lokacin ina cikin ɗakin na'urori na hedikwatarsu a nan Katsina, rauta, wato na'urar da ke haɗa ofis da layin waje, tana gabana, fitilar ƙofar da wayar kamfanin sadarwa ta shiga tana ci kore shar. Allon da muke duba lafiyar layuka shi ma bai nuna wata matsala ba. Na kira kamfanin da ya ba mu layin, suka ce su ma a wajensu komai lafiya lau. Sai bayan azahar aka gano cewa an taɓa saitin wata na'urarsu da daddare, na'urar da ba a Katsina take ba, ba kuma a Daura ba, lambar da ke bambanta kayanmu da na sauran mutane ta ɓace a hanya. Da yamma Alhaji mai kamfanin ya tambaye ni, "To tun ƙarfe nawa ya faɗi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da muka girka ba ya iya nuna wannan." Amsar ta yi mini nauyi a baki, kuma tun ranar na sake tsarin yadda nake sa ido a kan irin waɗannan layuka.

Masu tambayata sukan fara da sunan manhaja: Zabbix zan sa ko PRTG? Ni kuwa ina ganin akwai tambayar da ta riga wannan, wato mene ne ainihin abin da za a auna, kuma daga ina zuwa ina. Manhajar da ta fi kowace tsada in ƙofar rauta kaɗai take kallo, abin da ya same mu ran Litinin ɗin nan zai sake samunka.

Dalilin yana cikin yadda layin kansa yake. Tsakanin Katsina da Daura kusan kilomita 80 ne, kuma ba wanda ya ja maka waya taka kai kaɗai a wannan tsawon. Abin da ka kama haya keɓaɓɓiyar hanya ce a cikin babbar hanyar kamfanin sadarwa, wadda kai da bankuna da makarantu da asibitoci duk kuke bi. Kamar buhunan da ake lodawa a tasha ne: mota ɗaya, kayan mutum goma, abin da ke raba su shi ne alamar da aka rubuta a jikin kowane buhu. A zamanin tsohuwar fasahar layin haya ta Frame Relay alamar ita ce lambar DLCI. A ATM, wata tsohuwar fasahar sadarwa (ba na'urar cire kuɗi ba), lambobi biyu ne, VPI da VCI. Yau galibi lambar VLAN ce a bakin ƙofarka, sannan tambarin MPLS a cikin hanyar kamfanin. Wayar da ke ofishinka iyakarta na'urar kamfanin mafi kusa da kai, ko eriyar da ke kan hasumiya. Fitilar nan kore labarin wannan ɗan guntun kawai take bayarwa.

Tsofaffin fasahohin sun fi na yau faɗar gaskiya a wannan fannin, kuma yana da kyau mutum ya san haka don ya gane abin da ya rasa. A Frame Relay akwai tsarin LMI, inda rauta ke tambayar na'urar kamfani lafiyar layi duk bayan daƙiƙa 10, a tambaya ta shida kuma ta karɓi cikakken jerin keɓaɓɓun hanyoyinta da halin da kowace take ciki: tana aiki, ko ɗaya bakin ya mutu, ko an goge ta gaba ɗaya. In Daura ta faɗi, cikin minti ɗaya rautar Katsina ta sani. ATM ma yana da 'yan ƙananan saƙonnin gwaji da ake turawa su je ƙarshen hanya su dawo. Da aka koma miƙa wa mutane layi ta wayar Ethernet, abin ya yi arha, ya yi sauri, amma wannan labarin ya daina zuwa da kansa. Sai ka nema.

Masu haɗa rassansu ta intanet da bututun GRE ko IPsec ko WireGuard, wato keɓaɓɓiyar hanyar da rautoci biyu ke shimfiɗa wa kansu a cikin intanet, su ma suna cikin wannan jirgin. A rautar Cisco, bututun GRE zai ci gaba da nuna yana raye muddin akwai hanyar zuwa adireshin ɗaya bakin a teburin rauta, ko da can ɗin an kashe wuta tun jiya, sai fa in ka kunna masa saƙon duba numfashi da kanka. WireGuard kuwa ba shi da wani abu mai suna "a tsaye" ko "a kwance" ko kaɗan. Abin da za ka iya dubawa shi ne yaushe rabon bakunan biyu su gaisa, kuma in ana aiki a kansa yakan sabunta gaisuwar kusan duk minti biyu.

Hanyoyin awo

SNMP, yaren da manhaja ke tambayar na'ura lafiyarta da shi, shi ne tsohon hannu, tun 1988 ake amfani da shi, kuma da wuya ka sami rauta ko suwich na aikin ofis da ba ya jinsa. Manhaja kan zagaya lokaci zuwa lokaci ta tambayi kowace na'ura ta ƙofar saƙo mai lamba 161 (ba irin ƙofar da ake soka waya ba): wace ƙofarki ce a buɗe, bayit nawa suka shiga, nawa suka fita, nawa suka lalace, zafinki nawa. Daga nan ake zana hoton nan da ke nuna cikar layi safe da yamma. Don sanin ko megabit 20 da kake biya sun ishe ka, ko ƙari kake buƙata, babu kamarsa.

Amma yana da ramuka da ya kamata a sani. Na farko shi ne wanda na riga na faɗa: ƙofa yake gani. In kai ne mai na'urorin MPLS ɗin, akwai teburin da ke nuna halin kowace keɓaɓɓiyar hanya, sai ka tambaye shi kai tsaye. In kuwa haya kake, wannan teburin yana hannun kamfani, kuma ba kasafai suke buɗe wa mai haya shi ba. Na biyu shi ne tazarar zagaye. Manhajoji da dama duk minti biyar suke tambaya, layin da ya faɗi na minti biyu ya tashi kuwa zai iya wucewa ba a gan shi ba, alhali mai karɓar kuɗi a Daura ya ji a jikinsa, cinikin da yake tsakiyar yi ya katse. Na uku ya fi ɓoyuwa. Ƙidayar bayit ta asali mai bit 32 ce, tana cika a 4,294,967,296 ta koma sifili, kamar mitar kilomita a tsohuwar mota. A layi mai megabit 100 da ya cika maƙil, wannan na faruwa cikin ƙasa da minti shida. A mai gigabit ɗaya kuwa daƙiƙa 34 ne. Sakamakon shi ne hoto mai tsalle-tsalle marar ma'ana. Maganinsa a yi amfani da ƙidaya mai bit 64, ita kuwa siga ta farko ta SNMP ba ta san ta ba, sai ta biyu ko ta uku. Ni ta uku nake sawa duk inda na'ura ta yarda, domin a ta biyu kalmar sirrin a fili take tafiya, kuma har yau ina tarar da rautoci a ofisoshi da kalmar da suka zo da ita daga masana'anta. Wani ƙaramin abu kuma: a wasu rautocin Cisco lambar da SNMP ke kiran kowace ƙofa da ita takan canza in an kashe an kunna, sai ka wayi gari hoton Funtua ya koma na Malumfashi. Akwai umarni guda da ke kafe lambobin, a tuna a sa shi, musamman a garin da wuta ke ɗaukewa sau da yawa a yini.

Akwai kuma inda na'urar ce da kanta ke kai kuka in wani abu ya faru, ta ƙofa 162 a SNMP ko ta 514 a syslog, tsarin da na'ura ke aika rahoton abin da ya same ta. Wannan ya fi sauri, kuma shi ke ba ka ainihin daƙiƙar da maƙwabtakar OSPF ko BGP, wato hirar da rautoci ke yi don sanar da juna hanyoyi, ta yanke. Sai dai kukan sau ɗaya ake yinsa, ba a jiran amsa, kuma rautar Daura ta kan layin da ya mutu za ta turo shi. Don haka kukan da za ka dogara da shi na bakin Katsina ne. Kar kuma a manta da daidaita agogon dukkan na'urori da NTP. Ranar da za ka zauna da kamfanin sadarwa kuna jayayya, rahoton da agogonsa ya karkace ba ya tsinana maka komai.

Abin da ya cike giɓin ran Litinin shi ne awo mai aika saƙon gwaji ya ratsa keɓaɓɓiyar hanyar tun daga wannan baki har wancan. Mafi sauƙinsa ping, wato ɗan saƙon da ake turawa a jira amsarsa, amma akwai yadda ake yinsa. Adireshin cikin gida na rautar Daura za ka nufa, ta cikin layin hayar, kuma ka tabbata in layin ya faɗi gwajin ba zai zagaya ta layin ko-ta-kwana ya dawo ya ce maka lafiya ba. Na taɓa ganin reshe ya shafe kwanaki a kan ɗan modem mai layin waya, ana biyan kuɗin babban layi yana kwance, ba wanda ya lura saboda ping yana amsawa. Kowace hanya a ba ta gwajinta daban. Smokeping, manhajar Tobias Oetiker, yana tura ping 20 duk minti biyar ya zana maka jinkiri da zubewar fakiti, wato ƙunshin bayanan da suka ɓace a hanya, a hoto ɗaya, kuma a wannan hoton ne ake ganin layin da bai mutu ba amma yana jinya.

Sannan a gwada da babban fakiti. Ping na yau da kullum ƙanƙane ne, zai wuce ta hanyar da babban kaya ba zai wuce ba. Ethernet na ɗaukar bayit 1500. GRE na cin 24 daga ciki, PPPoE 8, kowane tambarin MPLS 4. In wani a tsakiya bai faɗaɗa hanyarsa ba, sai ka ga ping yana tafiya sumul, shafin shiga manhaja ya buɗe, amma da an nemi rahoto mai nauyi komai ya tsaya cak. Ping mai bayit 1472 da umarnin kar a gutsura shi zai tona wannan nan take. Ina sa shi a jerin gwaje-gwajen dindindin, domin matsalar takan dawo duk sanda kamfani ya karkatar da kayanka ta wata hanya bayan an yanke faiba wajen aikin titi.

Wanda rautocinsa na Cisco ne yana da tsarin gwajin layi mai suna IP SLA a cikinsu, Juniper na da RPM, Huawei na da NQA, sannan akwai TWAMP da aka tsara a 2008 don na'urorin kamfanoni daban-daban su iya yi wa juna gwaji. Fifikonsu a kan ping daga kwamfuta shi ne rautar ce ke yin gwajin daga bakin layi, kuma suna auna tangal-tangal ɗin jinkiri, abin da ke sa murya ta rinƙa yankewa a wayar ofis. Ma'aunin G.114 na hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ya nuna cewa muddin jinkirin tafiya ɗaya bai wuce milisakan 150 ba, magana za ta tafi daidai. Reshen da ke kan tsohon VSAT, wato layin tauraron ɗan'adam, wanda tauraronsa ke nisan kusan kilomita 36,000, zuwa da dawowarsa ba ya kasa rabin daƙiƙa ko da komai lafiya, saboda haka kar a sa masa iyaka ɗaya da na faiba, in ba haka ba ƙararrawa ba za ta yi shiru ba.

Mutane kan haɗa BFD da waɗannan, amma aikinsa daban ne. Shi rautoci biyu ne ke ta jefa wa juna ɗan saƙo da sauri, misali duk milisakan 300, in uku suka ɓace a jere sai a sauya hanya kafin daƙiƙa ɗaya ta cika. Don sauya hanya aka yi shi, ba ya ajiye tarihi, sai dai ka kama kukansa ta syslog. A layin rediyo kuma a yi hattara da shi. Ruwan sama mai ƙarfi yana raunana siginar da ta haura gigahaz 10, kuma a watan Agusta in ka matse lokacin BFD sosai, hanya za ta rinƙa kai da komowa tsakanin layi biyu har abin ya fi faɗuwar ɓarna. Akwai kuma 802.1ag da Y.1731, waɗanda aka yi don mayar wa Ethernet irin gaskiyar da LMI ke faɗa. Su ne mafi dacewa da layin haya, sai dai suna buƙatar na'urorin da suka san su da kuma haɗin kan kamfanin sadarwa. In kana shirin sa hannu a sabuwar yarjejeniya, tambaye su tun kafin ka biya. NetFlow, wanda MikroTik ke kira Traffic Flow, tambaya ɗaya yake amsawa, wato wa ya cika layin. Ranar da hoto ya nuna layi ya cika kuma ba a san dalili ba za ka neme shi, amma ba da shi ake farawa ba.

Manhajojin da za su tattara

Duk huɗun da zan ambata suna yin SNMP, suna yin ping. Bambancinsu yana wajen wanda zai riƙe su da kuma abin da ke faruwa in layi ya yanke.

PRTG na kamfanin Paessler ne na Jamus, a kan Windows yake zama, kuma shi ya fi sauƙin farawa. Ma'aikacin da bai taɓa ganin Linux ba zai girka shi da safe, kafin la'asar ya ga hotuna. Kyauta ne har ma'auni 100, amma a lura, kowane abu guda da kake aunawa ma'auni ɗaya ne: ping ɗaya, cikar ƙofa ɗaya, zafin na'ura ɗaya. In kowane reshe ya ci goma, rassa tara da hedikwata sun cinye. Daga nan sai lasisi, shi kuwa da kuɗin waje ake biya, kuma kowa ya san yadda canji ya koma tun 2023. Ga makaranta ko asibiti mai rassa uku ko huɗu, wanda ma'aikacin kwamfutarsa ɗaya ne kuma shi ke gyaran firinta, PRTG nake ba da shawara ba tare da wani dogon tunani ba.

The Dude na MikroTik ne, kyauta, kuma tunda rautocin MikroTik sun cika ofisoshi da ƙananan masu sayar da intanet a garin nan, da yawa da shi suka fara. Yana iya zama a cikin wasu rautocin kansu, ba sai an sayi wata kwamfuta ba, taswirarsa kuma tana da daɗin kallo, ko Alhaji ya leƙo zai gane ja da kore. Rauninsa tarihi da rahoto. In kana son fitar da lissafin wata uku ka kai wa kamfanin sadarwa, zai wahalar da kai. Abin da na fi so a gidan MikroTik shi ne Netwatch da ke cikin RouterOS, manhajar da ke tafiyar da rautocinsu, wanda a siga ta 7 yake iya auna zubewa da jinkiri, ya kuma gudanar da umarni in an wuce iyaka. Ko wace manhaja ka zaɓa, ka bar Netwatch yana aiki a rautar reshe.

LibreNMS ya ɓalle ne daga Observium a 2013, kyauta ne, a kan Linux. Ƙarfinsa gano abubuwa da kansa. Ka ba shi rauta ɗaya, zai bi maƙwabtanta ta LLDP da CDP da OSPF, hanyoyin da na'urori ke sanar da juna kansu, ya jero su, ya san irin kowace na'ura, ya zana kowace ƙofa ba tare da ka gaya masa ba. Yana karanta sakamakon IP SLA, yana nuna keɓaɓɓun hanyoyin MPLS a na'urorin da ya sani, ana kuma haɗa shi da Smokeping. Ga mai sayar da intanet yana da lissafin cikar layi da ake cajin kwastoma da shi. Mutumin injiniyan sadarwa ne sosai. Sai dai zagayensa na asali minti biyar ne, ana iya rage shi zuwa ɗaya in kwamfutar na da ƙarfi, kuma daga tsakiya yake tambaya. In hanyar zuwa reshe ta yanke, hoton wannan lokacin fanko zai zama, ba za ka san me ya faru a cikin reshen ba.

A nan ne Zabbix ya sha gabansu, kuma shi nake sawa in aka bar mini zaɓi. Alexei Vladishev ne ya fara shi, kamfanin yana Riga a ƙasar Latbiya, shi ma kyauta ne. Ba zan ɓoye ba, yana da wuyar koyo. Makon farko mutum zai yi ta fama da samfura da sharuɗɗan ƙararrawa, kuma rumbun bayanansa yana son kulawa, in aka sake shi zai cika faifai. Amma yana da abubuwa biyu da suka dace da yanayinmu. Na farko wakili: ƙaramar manhaja da za ka ɗora a 'yar kwamfuta kamar Raspberry Pi ka ajiye a Daura. Ita za ta rinƙa auna na'urorin reshen, tana kuma gwada layin daga can zuwa Katsina. In hanya ta yanke sai ta adana abin da ta gani, in ta dawo ta turo duka. Saitin asali awa ɗaya kawai yake ajiyewa, amma ana iya ɗaga shi har awa 720, wato kwana 30, kuma ina roƙon duk mai girkawa ya ɗaga shi tun ranar farko. Wanda ya ga yadda aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan a watan Satumban 2021, ciki har da Funtua da Malumfashi da Jibiya, ya san yankewa a wajenmu tana iya wuce ta awa ɗaya nesa ba kusa ba. Da wakili ne kake raba abubuwa biyu da daga Katsina kamanninsu ɗaya: layi ne ya faɗi, ko wuta ce ta ɗauke a reshe batir ya ƙare. In wakilin ya ci gaba da rubutu a lokacin, laifin layi ne. In shi ma ya yi shiru, a duba inbata. PRTG ma yana da irin wannan ɗan aike na nesa, a faɗi gaskiya, sai dai duk abin da ya auna yana cikin ƙidayar ma'aunan nan.

Na biyu shi ne jeranta dogaro. Kana gaya masa cewa firinta da kyamarori da suwich na Daura duk a bayan rautar Daura suke, ita kuma a bayan layin. In layin ya faɗi saƙo ɗaya zai zo maka maimakon talatin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ma'aikacin da wayarsa ke ƙara sau hamsin a dare, cikin mako biyu zai kashe sautin, ranar da babbar matsala ta zo kuma yana barci.

Inda za a ajiye shi, da yadda saƙo zai fita

Wasu na ɗora manhajar a sabar haya a Turai ko Legas don gudun matsalar wuta. Yana da amfani, amma daga can ƙofar intanet ɗinka kawai ake gani, keɓaɓɓen layin Katsina zuwa Daura kuwa a cikin gida yake. Kuma ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku irin su WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, duk wanda idonsa ke Turai ya ga rassansa sun yi ja ko suna rarrafe, alhali tsakaninsu da juna lafiya suke. Ni a hedikwata nake ajiye babbar manhajar, a kan ƙaramar kwamfuta marar cin wuta, da batirinta da solarta daban da na sauran ofis. A lokacin hunturu a sa wani ya rinƙa goge ƙurar da ke kan faifan solar, domin ta isa ta rage cajin har batir ya kasa kai asuba. Daga waje kuma sai in sa ɗan gwaji guda mai duba ko ita manhajar tana raye.

Saƙon gargaɗi kada ya bi layin da ake gadi. Telegram yana da kyau kuma Zabbix da LibreNMS duk suna tura masa, amma in intanet ɗin hedikwata ne ya faɗi, saƙon zai maƙale a ciki. Modem mai layin waya da ke tura gajeren saƙo kai tsaye shi ne mafita, kuma layin ya kasance na wani kamfani daban da wanda ya ba ka babban layi, tunda sau da yawa faiba ɗaya ce ke ɗauke da duka kayan kamfani guda. A sa ranar zuba masa kuɗi a kalanda. Na ga tsari mai kyau ya yi shiru wata guda saboda layin modem ya ƙare ba wanda ya tuna.

Duk wannan wahalar tana biyan kanta ranar lissafi. In yarjejeniyarka ta ce layi zai yi aiki kashi 99.5 cikin ɗari, a wata mai kwana 30 an yarda ya faɗi na awa 3 da minti 36. In kashi 99.9 ne, minti 43 kacal. Ka karanta takardar da kyau ka ga daga yaushe suke fara ƙirgawa, domin wasu daga lokacin da ka kai ƙara suke farawa, ko da layin ya kwana a kwance. Shi ya sa nake sa gwajin tsakanin baki da baki ya rinƙa gudana duk daƙiƙa 30 ko minti ɗaya, ƙararrawa ta tashi bayan faɗuwa uku a jere, kuma saƙon ya je wa wanda ke da lambar kiran kamfanin a hannunsa.

A kamfanin Alhaji, abin da muka tsaya a kai shi ne Zabbix a Katsina, wakili a Daura da sauran rassa, SNMP siga ta uku da ƙidaya mai bit 64, ƙaramin ping da babba a kan kowace hanya daban, da Netwatch a rautocin rassa. Da muka gama, ranar wata Asabar bayan an tashi aiki, na kira manajan Daura na ce, "Yallaɓai, don Allah zare wayar nan shuɗiya da ke ƙofa ta farko, ka riƙe ta har in kira ka." Na ajiye wayata a kan tebur ina kallon agogo. Minti biyu ba su cika ba saƙo ya shigo, guda ɗaya, da sunan layin da lokacin da ya faɗi. Na ce ya mayar, sannan ya kashe rautar gaba ɗaya, muka sake jira. Wannan gwajin muna maimaita shi duk bayan wata uku, da kuma duk lokacin da aka canza rauta ko aka ƙara reshe.